Hubbaren Ummu Haram a Tsibirin Kubrus da Yadda Aka Yi Ya Kafu

A gaɓar kudu maso gabashin tsibirin Kubrus, daura da birnin Larnaka, akwai wani tafki na ruwan gishiri wanda yakan cika da hunturu, tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da ake kira filamingo su sauka a cikinsa dubbai, sa'an nan ya ƙafe da bazara har ya zama farin fili fat. A bakinsa ta yamma kuwa, cikin inuwar dabino, akwai masallaci mai ƙubba da hasumiya guda, wanda Turkawa suke kira Hala Sultan. A bayan alƙiblar masallacin nan ne hubbaren da jama'a suke nufa da ziyara yake, na Sayyida Ummu Haram 'yar Milhan, Allah ya ƙara mata yarda. Abin da ya kamata mai ziyara ya sani tun kafin ya tuɓe takalmansa shi ne, tsakanin rasuwar wannan baiwar Allah da ɗora tubalin ginin da yake gani akwai shekara fiye da dubu da ɗari, kuma a mafi yawan wannan zamani mai tsawo tsibirin ba a hannun Musulmi yake ba.

Ummu Haram Ba'ansariya ce daga Banu Najjar, 'yar'uwar Ummu Sulaim mahaifiyar Anas ɗan Malik, matar Ubadatu ɗan Samit. Buhari da Muslim duka sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan shiga gidanta ta ba shi abinci, malamai kuwa irin su Imamu Nawawi sun bayyana cewa muharramarsa ce. Wata rana ya yi ƙailula a can, ya farka yana murmushi, da ta tambayi dalili sai ya ba ta labarin cewa an nuna masa wasu mutane daga al'ummarsa suna ratsa teku don ɗaukaka kalmar Allah, cikin kamala irin ta sarakuna a kan gadajen mulki. Ta roƙe shi ya yi mata addu'a ta kasance cikinsu, ya yi. Da ya koma barci ya sake farkawa da irin wannan bushara game da wata runduna, ta sake roƙo, sai ya sanar da ita cewa ita tana cikin na farko. A lokacin da aka yi wannan magana Musulmi ba su da rundunar ruwa ko kaɗan, Madina kuwa gari ne na manoman dabino da ke nesa da gaɓa, saboda haka ne malamai suke lissafa hadisin cikin alamomin annabci.

Cikar busharar ta jira har bayan an ci ƙasar Sham. Mu'awiya ɗan Abu Sufyan, wanda yake gwamna a can, ya ga cewa muddin jiragen Rumawa suna da mafaka a Kubrus, garuruwan gaɓar Sham ba za su yi barci da ido biyu rufe ba, sai ya dinga neman izinin Halifa Umar ya ƙetara. Umar, wanda bai taɓa yarda a yi kasada da ran Musulmi ba, ya nemi Amru ɗan As ya siffanta masa teku, da ya ji siffar kuwa ya hana, hani mai tsanani. Sai a zamanin Halifa Usman aka ba da izini, shi ma bisa sharaɗin kada a tilasta wa kowa, kuma masu tarihi sun ce an sharɗanta wa Mu'awiya ya tafi da iyalinsa, domin ya tabbata shi kansa ya amince da hanyar da zai bi da mutane. A shekara ta 28 bayan Hijira, wato 649 Miladiyya, jirage suka tashi daga Akka, wasu kuma suka zo daga Masar ƙarƙashin Abdullahi ɗan Sa'ad ɗan Abu Sarh, a cikin rundunar akwai manyan sahabbai kamar Abu Zarri da Abud Darda'i da Ubadatu, tare da shi kuma matarsa, wadda girma ya riga ya kama ta. Mutanen tsibirin suka nemi sulhu a kan za su riƙa biyan dinari wajen dubu bakwai kowace shekara. A cikin wannan tafiya ne aka kawo wa Ummu Haram dabba ta hau, dabbar ta kayar da ita, ajali ya sauka.

A nan wajibi ne a faɗi gaskiyar abin da yake cikin littattafai, ko da zai rage wa wani zumuɗi. Ruwayoyi sun saɓa game da inda faɗuwar ta auku: wata ruwaya a cikin Buhari tana nuna cewa bayan an komo gaɓar Sham ne, wasu kuma suna cewa a tsibirin ne, Ibnu Hajar kuwa ya tsaya a kan mas'alar a cikin Fathul Bari yana ƙoƙarin haɗa tsakaninsu. Amma maganar da ta fi yaɗuwa tun zamanin magabata ita ce kabarinta yana Kubrus, mutanen wurin kuma suna kiransa kabarin saliha. Imamu Zahabi, wanda ya rasu a 1348, ya ambata cewa labari ya iso masa Nasaran Turai suna ziyartarsa. Wannan, a ganina, shi ne mafi ban mamaki a cikin tarihin wurin baki ɗaya, cewa mutanen da ba su bin addininta, waɗanda kakanninsu ma rundunarta ta yaƙa, su ne suka riƙe mata wurin kwanciya da girmamawa ƙarni bayan ƙarni.

Gama tsibirin ya sha sauyin iyayengiji. A 688 Halifa Abdulmalik ɗan Marwan da Sarkin Rum Jastiniyan na biyu suka ƙulla wata yarjejeniya wadda ba kasafai ake samun irinta ba, cewa su raba harajin Kubrus a tsakaninsu, aka kuwa zauna a kan haka, da yaƙi da sulhu, har 965 lokacin da Rumawa suka karɓe shi gaba ɗaya. Sarkin Ingila Ricad ya ci shi a 1191 a kan hanyarsa ta yaƙin 'yan gicciye, daga nan ya faɗa hannun gidan sarautar Lusinyan na Faransawa har kusan shekara ɗari uku, sa'an nan mutanen Banis suka gaje su a 1489. Musulmi ba su dawo da mulki mai ɗorewa ba sai a zamanin Sarkin Musulmi Salim na biyu na Daular Usmaniyya, sa'ad da Lala Mustafa Fasha ya ci Nikosiya a 1570, Famagusta kuma ta miƙa wuya a 1571.

Ko bayan zuwan Daular Usmaniyya ba a yi gaggawar gini ba. Wani matafiyi ɗan ƙasar Holan mai suna Kornelis de Bruin, wanda ya bi ta tsibirin a 1683, ya ambaci kabarin, abin da yake nuna an san shi tun kafin a rufe shi da ƙubba. Ruwayar mutanen wurin tana danganta farkon ginin hubbaren ga wani sufi da ake kira Shehu Hasan, a wajen 1760, wanda ya lazimci kabarin, ya yi ta jawo hankalin masu mulki da masu dukiya har suka kewaye shi. Daga nan gwamnoni suka riƙa ƙari, wannan ya gina ɗakunan baƙi, wancan ya kawo ruwa, har aka kammala masallacin a siffarsa ta yau a wajen 1817, a hannun gwamna Sayyid Muhammad Amin Afandi. Wurin ya zama zawiya mai shehunta da waƙafinta, kuma an ruwaito cewa jiragen ruwan daular in sun zo wucewa daura da ita sukan sassauta tutocinsu, su buga igwa don gaisuwa.

A kan kabarin akwai manyan duwatsu uku, biyu a tsaye, ɗaya a gicciye bisa kansu, yanzu an lulluɓe su da kyallaye. Wani rubutun hannu na Turkanci, wanda Bature mai mulkin Larnaka, Kobham, ya fassara ya buga a 1897, ya tattara karamomin da ake faɗa game da su, har da cewa na saman ya taɓa tsayawa a iska ba abin da yake riƙe da shi. Masu binciken kufai kuwa suna da tasu magana, domin tun a ƙarshen ƙarni na goma sha tara aka fara tono a filin da ke yamma da masallacin, daga 1971 kuma masana daga Suwidin suka ci gaba, aka gano kufan wani babban birni mai tashar jiragen ruwa, wanda ya bunƙasa da cinikin tagulla fiye da shekara dubu uku da suka wuce, tun tafkin yana haɗe da teku. Saboda haka wasu suke ganin duwatsun sun girmi Musulunci da nisa. Wannan bai rage wa Ummu Haram kome ba, domin darajarta a hadisi ingantacce take. Haka kuma maganar da masu yi wa baƙi jagora suke yawan yi, wai nan ne wuri na uku ko na huɗu a tsarki a duniyar Musulunci, magana ce da ba ta da tushe a wurin malamai, masallatai ukun da aka keɓe da falala sanannu ne. Ya ishi wurin alfahari a ce ana danganta shi ga wadda Annabi ya yi wa addu'a da bakinsa.

Ingila ta karɓi ragamar tsibirin a 1878, kuma a zamaninta ne aka ƙara wani kabari a harabar, na Adila Hanim, matar Sharif Husaini na Makka, wadda ta rasu a 1929 lokacin da mijinta yake zaman gudun hijira a Kubrus bayan Hijaz ta fita daga hannunsa. Aka sami mulkin kai a 1960, amma zaman Girkawa da Turkawan tsibirin bai yi daɗi ba, har ya kai ga yaƙin 1974 da ya raba ƙasar biyu: Turkawa Musulmi suka koma arewa, hubbaren ya rage a kudu, kamar yadda gidan ibadar Manzo Andarawus, wanda Kiristocin tsibirin suke girmamawa ƙwarai, ya rage a can ƙuryar arewa maso gabas, kowane ɓangare yana riƙe da abin da zuciyar ɗayan take bege. Kusan shekara talatin masu ziyara suka yanke sai ƙalilan, gini ya fara lalacewa, har aka buɗe mashigai tsakanin ɓangarorin biyu a watan Afrilu na 2003, aka kuma gyara masallacin da kuɗin taimako na Amurka ta hannun Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga 2014, bisa fahimtar juna da aka samu tsakanin Muftin Kubrus da Babban Limamin Cocin Otodoks, da taimakon ofishin jakadancin Suwidin, aka shirya ziyarori na musamman a lokutan Idi da Mauludi, inda motoci sukan ɗauko ɗaruruwan mutane daga arewa, har da 'yan asalin Turkiyya waɗanda a sauran ranaku ba a ba su izinin ƙetarawa, jami'an kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suna yi musu rakiya har ƙofar masallacin.