Maƙwabta Uku a Bakin Ƙanƙara

A can ƙuryar arewacin tekun Atalantika akwai Girinlan da Aisilan da tsibiran Faro, waɗanda mai duban taswira zai zaci tun fil azal suke cuɗanya, alhali kuwa sun shafe ƙarnuka kowa na fuskantar fadar wani sarki mai nisa, ya ba wa ɗan'uwansa baya.

Asalin al'amarin zumunci ne na jini, gama daga Aisilan ne Erik Ja ya tashi wajen shekarar 985 da jirage 25, waɗanda riwaya ta ce 14 kaɗai suka kai gaɓar Girinlan. Abin da ya riƙe zuriyarsu shi ne hauren walrus, wata ƙatuwar dabbar teku mai haƙora biyu zaƙo-zaƙo, wanda Turawa ke sassaƙa kayan majami'a da shi. Su kuma a kawo musu ƙarfe da katako, domin ƙasarsu ba ta da itacen da zai isa a ƙera babban jirgi. Nan musibar take, saboda mutumin tsibirin da ba shi da jirgi, rayuwarsa na hannun mai jirgi. Girinlan ta yi mubaya'a ga sarkin Norwe a 1261, Aisilan ta bi sawu a 1262, sa'an nan sannu a hankali jiragen suka ja baya, har wasu malaman tarihi ke ganin hauren giwa na Afirka da ya yawaita a kasuwannin Turai yana cikin abubuwan da suka karya wannan tijara. Labari na ƙarshe da aka rubuta daga wajen zuriyar nan ta Girinlan ɗaurin aure ne a majami'ar Hvalsey cikin 1408.

Da mulki ya koma hannun Danmak, sai sarauta ta mallake ciniki kacokan. Daga 1602 zuwa 1787 Aisilan ba ta da ikon mu'amala da kowa sai 'yan kasuwar da sarki ya ba izini, har an taɓa tsula wa wani talaka bulala don ya sayar da 'yan kifayensa a tashar da ba tasa ba. Faro ba ta kuɓuta daga wannan ƙangi ba sai 1856, Girinlan kuwa aka kulle ta ruf har 1950. To, ina zancen maƙwabtaka, tunda kowane jirgi Kofanhegan, babban birnin Danmak, ya nufa?

Yaƙi ne ya tsinke igiyar. Da Jamus ta mamaye Danmak a watan Afrilu na 1940, Ingila ta yi wuf ta kama Faro da Aisilan, Amurka kuma ta shiga Girinlan a 1941 bisa yarjejeniyar da jakadan Danmak Henrik Kauffmann ya sa wa hannu ba da yawun hukumarsa ba, da ma tana kwaɗayin ma'adinin Ivittuut da ake bukata wajen narka alminiyon na jiragen sama. A shekarun nan masuntan Faro ne ke ɗibar kifin Aisilan cikin tsofaffin jiragensu na katako suna kai wa Ingila, da yawansu kuma teku ta zama kabarinsu. Bayan yaƙin, hafsoshi suka gane cewa mashigar da ke tsakanin tsibiran nan ita ce ƙofar da jiragen ƙarƙashin ruwa na Tarayyar Sobiyat za su bi, saboda haka a 1951 Amurka ta ƙulla alkawarin tsaro kan sansanonin Keflavik a Aisilan da Thule a Girinlan. Sai dai, a nawa ganin, wannan ma haɗi ne da baƙo ya yi don maslahar kansa.

Na ƙashin kansu ya makara ƙwarai. Sai a 1985, shekarar da Girinlan ta fice daga kasuwar tarayyar Turai saboda haƙƙin kamun kifi, wakilan majalisun maƙwabtan uku suka kafa majalisar shawara a Nuuk, sa'an nan a 2005 aka sa hannu kan yarjejeniyar Hoyvik wadda ta ɗauke kuɗin fito tsakanin Aisilan da Faro. Da bankunan Aisilan suka durƙushe a 2008, manyan ƙasashe na ta gindaya sharuɗɗa, Faro mai mutane ƙasa da 50,000 ce ta yi hanzarin ba ta rancen kurona miliyan 300 na Danmak.