Kwandansa tsakanin bawul biyu

A zamanin rediyo mai bawul, an saba sanya kwandansa tsakanin bawul biyu domin ya bar sauti ya wuce, ya tare wuta mai ƙarfi ta na farkon. Sai dai yana rage kaurin sauti, kuma na takarda yakan yi yoyo idan ya tsufa, balle a zafi irin na Garwa.

A 1929 Loftin da White na Amurka suka cire shi, suka haɗa bawul biyu kai tsaye. Sauti ya inganta, amma da wutar na farko ta kauce, na biyu ma ya rikice. A 1947 Williamson na Birtaniya ya raba gardama: haɗin farko kai tsaye, sauran da kwandansa.