Ruwan Ƙarƙashin Ƙasar Sakkwato da Haɗin Gwiwar Masana

A 1919 aka kafa hukumar binciken ƙasa da duwatsu ta Nijeriya. Cikin shekarun 1960 masananta suka haɗa gwiwa da takwarorinsu na Amurka domin auna ruwan da ke kwance ƙarƙashin ƙasar Sakkwato. Rahoton da ya fito a 1973 ya tabbatar cewa yashin Gwandu na riƙe da ruwa mai ɓulɓulowa da kansa idan an haƙa burtsatse a kwari. Sai dai wannan taska ta miƙa har Nijar da Mali, ɗibar wani kuwa na rage rabon wani. Saboda haka a 2014 ƙasashen yankin suka amince a Abuja da tsarin tuntuɓar juna, don kada jikokin manomi da makiyayi su gaji busasshiyar rijiya.