Tattara Tsofaffin Wuƙaƙen Maharba a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi

Gabatarwa

Idan ana zancen kayan tarihi a ƙasar Hausa, hankalin manazarta yakan tafi ga takubba da sulke da littattafan malamai. Wuƙar maharbi kuwa ba a cika waiwayarta ba, domin ana ganin ta kayan talaka ce. Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa wuƙar nan shaida ce ta tarihi, amma tana zama shaida ne kawai idan an karɓo ta tare da labarinta.

Ƙasar da Mazaunanta

Arewacin Zamfara ƙasa ce ta daji da yaƙi tun da daɗewa. A nan Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, suka zauna Alƙalawa, har zuwa 1808 da rundunar jihadi ta ci birnin. Namoda, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin jarumawan wannan yaƙi, kuma shi Ba'alibe ne, dangin masu sarautar Zurmi. Clapperton ya ratsa Zurmi a 1824, Barth kuma ya bi ta nan a 1853, ya yada zango a Badarawa, kusa da Shinkafi. A gabas ga Dajin Rugu, a yamma ga Dajin Gundumi. Mutumin da ke zaune tsakanin dazuzzuka irin waɗannan ba ya rabuwa da ƙarfe: baka da kibiya mai dafi don harbi, wuƙa kuma don yanka da fiɗa da kare kai.

Abin da Wuƙa ke Faɗa

Wuƙa ɗaya aikin mutum biyu ce ko uku. Maƙeri ya ƙera ruwanta, a sassaƙa mata ƙota, baduku ya ɗinka kube. Saboda haka mai nazari yana da wurare uku na dubawa.

Na farko shi ne ƙarfen. Kafin zuwan Turawa maƙera na samun ƙarfe ne daga tama da ake haƙowa a narka a gida. Akwai kuma wanda fatake ke ketowa da shi ta Sahara, domin Barth ya tarar da ruwan takubba na Solingen ta Jamus a kasuwar Kano a 1851, kuma takobin da ya karye ba a yar da shi, sai a mai da shi wuƙa. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda daga Zariya a 1929, tsohon ƙarfen Turai ya yawaita, ya yi araha, daga baya safirin mota ya biyo. Sannu a hankali aka bar wahalar narka tama. Wannan ya ba mu ma'auni: wuƙar da bincike ya tabbatar ta tama ce, ƙarfin zato ta girmi wadda aka buga daga ƙarfen reluwe.

Na biyu, kube. Fata ba ta kai ƙarfe ƙarko ba, don haka sau da yawa za a ga tsohuwar wuƙa cikin sabon kube. Wanda ya yanke shekarun wuƙa ta duban kubenta kaɗai zai yi kuskure. Duk da haka ɗinki da rini da layun da aka maƙala suna nuna garin da aka yi aikin da irin tsarin da mai ita ya dogara da shi.

Na uku, cin kaifi. Wuƙar da ta sha dutsen wasa shekara da shekaru takan rame a tsakiya. Ta ado da biki, irin wadda 'yan tauri ke wasa da ita, ba ta ramewa haka.

Matsalolin Tattarawa

Dokar 1979 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta hana cinikinsa ko fita da shi waje ba da izini ba. To amma wa zai tabbatar da shekarar wuƙar da ba ta da rubutu? Sai iyalin mai ita. Da zarar ta faɗa hannun dillali a kasuwa irin ta Shinkafi, sunan maƙerin da na maharbin sun ɓace, ta koma ƙarfe kawai.

Daɗin daɗawa, ta'addancin 'yan bindiga da ya addabi yankin tun wajen 2011 ya tayar da ƙauyuka da dama, ya raba maharba da daji. Wanda ya gudu da ransa ba ya tsayawa ɗaukar kayan kakansa, kuma dattawan da suka san asalinsu suna ƙarewa.

Kammalawa

Shawararmu ita ce a fara da baki kafin a kai ga ƙarfe. A nemi sarakunan maƙera da shugabannin maharba ta hannun masarautun nan uku. Kowace wuƙa a rubuta wanda ya ƙera ta, da garin, da hannuwan da ta bi, da kirarin mai ita, a auna ta, a ɗauki hotonta. Idan iyali ba su yarda su rabu da gadonsu ba, a bar musu abinsu, rubutun ya wadatar. Wuƙa goma masu asali sun fi ɗari marasa shi amfani ga mai rubuta tarihin Zamfara.