Gurasa da Rama a Bakin Mutanen Zango

Malaman lugga sun daɗe suna gargaɗin almajiransu da kada kunne ya yaudare su, domin sau da yawa lafazi biyu sukan yi kama kamar an tsaga kara, alhali kuwa ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba. Misalin da yakan faɗo mini shi ne kalmar pita, wadda Girkawa ke kiran burodinsu mai faɗi da ita, mutanen Sifen kuma suke kiran zaren wani tsiro mai kaurin ganye da ita, wanda suka tarar a nahiyar Amurka, ana tufka igiya da shi. Asalinsu dabam, hanyar da kowace ta biyo dabam.

Mu ma muna da irin wannan, kuma ban san inda ya fi cancanta a yi nazarinsa ba kamar Zangon Wagadugu, wato unguwar da Mosawa ke kira Zangwetin, inda fatake daga Kano da Katsina suka riƙa sauke kaya a kan hanyarsu ta zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, suna kai kanwa da tufafi, suna komowa da goro, har waɗansu suka yi aure, suka gina masallatai da makarantun allo a ƙarƙashin inuwar Moro Naba, sarkin Mosawa, tun kafin Faransawa su ci garin a 1896.

To, duk kayan da aka ɗora wa jaki, igiya ce ke riƙe shi, igiyar kuwa galibi ta rama ce, wadda ake jiƙa karanta a ruwa har ɓawon ya saki, a saɓe shi, a shanya, sa'an nan dattijo ya zauna a zaure yana tufka yana hira. Ganyen kuma mata su dafa, su kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Amma rama uku gare mu: ga ta gona, ga ta jikin wanda ciwo ya cinye, ga kuma ta wanda aka mara ya rama. A boko duk haruffa huɗu ne, ba bambanci. Malamin ajami kuwa ba ya ruɗewa, domin yakan sa alifin madda bayan ra a biyun nan na ƙarshe, ya hana ta gona, saboda wasalinta na farko gajere ne. A ganina wannan falala ce ta rubutun kakanninmu wadda ba mu ba ta haƙƙinta ba.

Gurasa labarinta ya fi tsawo. Asalinta Larabci ne, daga ƙurs, wato abu mai faɗi kewayayye, har Larabawa sukan kira faifan rana da shi. Larabawan Gadamas da Tarabulus da suka zauna a Kano su suka zo da ita, kuma duk danginta suna shaida haka: alkama, da tanderun da ake manna ta a cikinsa, da alkubus wanda sunansa ke nufin burodi a wurin Larabawa, ko da yake mu turara shi muke yi. Har yau matan unguwar Jakara ta Kano ne gwanayenta, mai bandashe kuma ya yayyafa mata ruwa, ya barbaɗa ƙuli da yaji, ya zuba man gyaɗa.

Sai dai ƙasar Mosi ƙasar dawa da gero ce, ba ta alkama ba, saboda haka rama ta samu gindin zama, gurasa kuwa ta fi yawa a hirar tsofaffi da tsarabar wanda ya je gida, ranar da alkama ta wadata kuma, cikin siffar dogon burodin Faransawa ta shigo.

A shekarar 2003 hukuma ta rushe Zangwetin da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita domin shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci, aka watsa mutanenta zuwa bayan gari. Zaurukan da ake tufka a cikinsu sun tafi, igiyar roba kuma ta cika kasuwa.