Harin Toshe Hidima a Na'urorin Masana'antu

Harin toshe hidima wani nau'i ne na ta'addin kwamfuta da ake kai wa na'urorin da ke sarrafa injuna a masana'antu da tashoshin lantarki da madatsun ruwa, ko dai a cika su da saƙonni fiye da ƙima, ko kuwa a aika musu da saƙo guda gurɓatacce, har su sandare su daina karɓar umarni. Asalin illar shi ne, ƙa'idojin sadarwa irin su Modbus, wadda kamfanin Modicon ya fitar a 1979, an gina su bisa amana, ba sa tambayar mai umarni hujja ko shaida. A Disamba 2016 mugun shirin kwamfuta mai suna Industroyer, wanda ya katse lantarki a wani sashe na birnin Kiyef na Yukren, ya zo da wani ɓangare da aka tanada domin sumar da na'urorin kariya na Siemens SIPROTEC.

Mutanen Sabon Birni da Isa sun ɗanɗani yankewar sadarwa a Satumba 2021, sa'ad da hukuma ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Wancan hukunci ne na mahukunta, amma ya nuna halin da injin da ake kula da shi daga nesa yakan shiga idan hanya ta yanke. Rigakafin harin toshe hidima da ƙa'idar IEC 62443 ta shimfiɗa shi ne a raba hanyar injuna da ta ofis da intanet, a kuma sa shinge mai tace saƙonni tsakaninsu. Masana kan ƙara da sabunta manhaja, da tanadin sarrafa inji da hannu.