Haƙƙin Wanda Ya Sayi Motar Hannu A Doha Ta Fito Da Aibi

Na ga ya dace in rubuta wannan bayani ne saboda abin da ya same ni a kan cinikin mota a nan Doha. Da yawanmu mukan kwashe shekara biyu ko uku muna tari kafin mu sayi motar kai yara makaranta, idan kuma aka yi rashin sa'a sai mu ce ƙaddara ce mu haƙura, alhali dokar ƙasar ta ba mu haƙƙin da ba mu san da shi ba.

Abin da ya faru da ni

Na sayi mota mai kujera bakwai a wani wurin sayar da motoci a kan titin Salwa, a kan riyal 38,000. Na tambayi mai wurin ta WhatsApp ko inji da giya lafiya suke, ya amsa mini a rubuce cewa ba abin da ya taɓa su. Na ga motar ta ci gwajin Fahes, sai na saki jiki na biya. Kwana tara da saye, muna hanyar Wakra ni da iyali, giya ta fara fizga, daga baya ta ƙi shiga gaba ɗaya. Bakanike a Sana'iyya ya sauke man giyar ya nuna mini garin ƙarfe a ciki, ya kuma nuna mini alamar an taɓa buɗe ta an rufe. Da na koma wurin mai motar, sai ya ɗora yatsa a kan wani layi a ƙasan rasit da ke cewa abin da aka sayar ba a mayarwa. Can gida da magana ta ƙare ke nan, sai dai a nemi dattawan kasuwa su sa baki. A nan kuwa ba ta ƙare ba.

Dokoki biyu da ya kamata a sani

Ta farko ita ce Doka mai lamba 8 ta shekarar 2008 a kan kare mai saye, wadda Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu ke kula da aiwatar da ita. Sashe na 5 na dokar ya wajabta wa ɗan kasuwa ya karɓi kayansa ya mayar da kuɗi, ko ya canza, ko ya gyara kyauta, idan an gano aibi a cikin kayan ko kuma bai dace da abin da aka saye shi dominsa ba. Dokar ta haramta siffanta kaya da ƙarya ko da bayanin da zai yaudari mai saye, ta kuma ba mai saye haƙƙin a ba shi rasit mai kwanan wata da farashi. Wani abu mai muhimmanci shi ne duk sharaɗin da aka rubuta a takardar ciniki domin a sauke wa ɗan kasuwa nauyin da dokar ta ɗora masa, ɓatacce ne. Saboda haka wancan layi na ƙasan rasit ba ya rufe bakin mai saye. Hukuncin saɓa wa dokar yana iya kaiwa ɗaurin shekara biyu ko tarar da ta kama daga riyal 3,000 zuwa miliyan ɗaya, kuma ma'aikatar na da ikon rufe wurin na wani lokaci.

Ta biyu ita ce dokar mu'amalar jama'a, mai lamba 22 ta shekarar 2004. Ita ce ta ɗora wa kowane mai sayarwa lamunin ɓoyayyen aibi, wato aibin da yake jikin kaya tun lokacin da aka miƙa shi, wanda mai saye bai san da shi ba, kuma ba zai gano shi da dubawa irin ta yau da kullum ba. Wanda ya yi karatun littafan fiƙihu a zaure zai tuna babin mayar da kaya saboda aibi. Tushen maganar ɗaya ne. Dokar ta so mai saye ya sanar da mai sayarwa da zarar ya gano aibin, kuma ƙarar irin wannan takan faɗi bayan shekara ɗaya da karɓar kaya, sai fa idan an tabbatar mai sayarwa ya ɓoye aibin da gangan.

'Yan uwan da suka zauna a Ingila kafin su zo nan sukan ambaci kwana 30 da dokar can ta 2015 ta ba mai saye ya ƙi kaya mai aibi. Wancan lissafin na can ne. A nan abin da ke aiki shi ne ka nuna aibin, ka nuna ya riga ciniki, ka kuma nuna ba a gaya maka ba.

Wane ne ya sayar maka?

Wannan tambaya ce da ta fi kayar da mutanenmu. Dokar 2008 tana aiki ne tsakanin mai saye da ɗan kasuwa. Idan daga hannun wani mutum ka saya, kamar abokin aiki ko wanda ya yi talla a intanet, ma'aikatar ba hurumin ta ba ne, sai dai kotu a ƙarƙashin dokar 2004. Kuma motoci da dama da ke jere a wuraren sayarwa na titin Salwa da Madinat Mawater ba na masu wurin ba ne, ajiya aka kawo, su dillalai ne masu jiran la'ada. Don haka kafin ka ba da ko kafin alƙalami, duba istimara ka ga sunan wa ke kai, ka kuma tabbatar rasit ya fito da sunan kamfanin da hatiminsa. Wanda ya miƙa kuɗi hannu da hannu ba takarda ya raunana kansa tun kafin a fara magana.

Aibi daban, tsufa daban

Motar hannu ba sabuwa ba ce, kuma ba wanda zai saurare ka idan kukanka shi ne taya ta sude, ko batir ya mutu, ko takalmin birki ya cinye. Zafin Katar kansa yana gajarta ran batir da roba. Abin da ake kira aibi shi ne irin giyar da ta lalace aka lallaɓa ta, injin da ya taɓa ƙonewa, shasin da ya karye a haɗari aka yi masa walda aka rufe da fenti, motar da ruwa ya taɓa cinyewa, ko mitar da aka juya aka rage kilomita. Idan kuma an gaya maka aibin, aka rubuta a takarda, aka rage maka kuɗi a kansa, to ka saya da saninka, babu ja.

Kuskurena shi ne dogaro da Fahes. Gwajin Fahes na sabunta istimara yana duba ko mota ta cancanci hawa titi ne: birki, fitilu, taya, hayaƙi da makamantansu. Ba ya gaya maka saura kwana nawa giya ta mutu. Akwai wuraren gwajin kafin saye da ke ɗaga mota, su sa mata kwamfuta, su auna kaurin fenti, su ba ka rahoto a rubuce. Kuɗinsu bai kai na taya biyu ba, kuma duk mai sayarwar da ya hana ka kai mota can ya riga ya ba ka amsa.

Matakan da na bi

1. Na daina hawan motar nan take. Ci gaba da hawa yana ƙara ɓarna, yana kuma ba mai sayarwa damar cewa kai ka lalata ta.

2. Ban bari bakanike ya gyara ba. Na nemi rahoto a rubuce daga gareji mai rajista, da lambar shasi da kilomitar ranar da hotuna.

3. Na aika wa mai wurin saƙo a rubuce, na faɗi aibin da ranar da ya bayyana da abin da nake nema, wato ya karɓi motarsa ya ba ni kuɗina. Ban yi zagi ba, ban kuma sa sunansa a Facebook ba, domin ɓata suna ta intanet laifi ne a ƙarƙashin dokar Katar ta 2014, mai gaskiya yana iya komawa wanda ake tuhuma.

4. Da ya ƙi, na kai koke sashen kare mai saye na ma'aikatar. Ana iya kiran lamba 16001 ko a shigar ta manhajarsu. Na haɗa rasit, istimara, katin zama, rahoton gareji da hoton saƙon da ya ce giya lafiya.

Bayan an tuntuɓe shi, harshensa ya sauya. Da farko ya ce zai gyara. Na ƙi, saboda giyar da aka ɓoye mini ita ce zuciyar maganar. A ƙarshe muka daidaita ya karɓi motar, na yafe masa riyal 1,500 a madadin kwanakin da na hau. Ban mayar masa da sunan mota ta Metrash ba sai da kuɗin suka shiga asusuna, kuma sai da na biya tarar titi ɗaya da ke kanta, domin ba a sauya suna da tara a kai.

Idan sulhu ya gagara, sauran kotu. A sani cewa da Larabci ake shari'a, duk takardar da ke cikin Turanci sai an kai ta ofishin fassara mai izini, kuma alƙali yakan naɗa ƙwararre ya duba motar. Wannan na cin lokaci da kuɗi, don haka a auna darajar motar a kuma nemi shawarar lauya kafin a shiga.

Nasiha ga magidanta

Kada kunya ta hana mu neman takarda, ko da ɗan uwa ne ya haɗa cinikin. Duk abin da mai mota ya faɗa da baki, a ce ya rubuta: shekarar mota, kilomita, ko ta taɓa haɗari, da garanti idan akwai da tsawonsa. Wanda Larabcinsa bai nuna ba ya tafi da wanda zai karanta masa kafin ya sa hannu. Saƙo ɗaya na WhatsApp da ban goge ba shi ya dawo mini da guminna na shekara biyu.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya haɗa mu da masu amana.